Wata takwas ina zuwa asibitin fata saboda gaban goshina, ga abin da na gani

Tun ranar da na cire ɗankwali a ɗakin amarya wajen bikin ƙanwar maigidana mata ke jana gefe suna tambayata wai wane mai nake shafawa gaban kaina ya fara dawowa, toh gaskiya ba mai ɗaya bane kuma ba maganar da za a gama a tsaye bace, shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai yadda ya faru da daɗinsa da rashin daɗinsa. Sunan wurin ba zan faɗa ba saboda akwai abubuwan da suka ɓata min rai kuma sai na faɗe su, asibitin fata ne dai mai zaman kansa a nan Kano, babbar likitarsu mace ce.

Shekarata 44, yarana biyar. Ni tun ina firamare duk sati biyu ake min kitso, kuma irin kitson nan da mai kitso zata danne kanki tsakanin gwiwoyinta ta ja gashin har sai kin ji girarki ta ɗaga, washegari ƙananan ƙuraje su feso a gefen kai, kwana biyu ko sujada da ƙyar kike yi, mu a wurinmu wannan shine kitso ya kamu. Ga rilaksa duk sallah, ga atach lokacin biki, ga ribom da nake ɗaure gashin dashi tamau a ƙarƙashin hijabi tun safe har dare. Bayan haihuwar autana sai gashin ya fara zuba sosai, in na taje kai sai in ga mataji ya cika, kowa yace ai na jego ne zai dawo, na tsakiya ya dawo ɗin amma gaba bai dawo ba, gefe da gefen nan suka zama kaman an sa reza, goshina ya ƙara faɗi. Shekara uku ko a cikin gidana da hula nake yawo, Abban yara bai taɓa cewa komai ba amma ni abin yana cina a rai sosai.

Babu abin da ban gwada ba, man darbejiya, hulba, ruwan albasa, ruwan kanumfari, man kaɗanya da man kwakwa, har wani haɗi na saya a Instagram cikin roba babu ko rubutu a jiki. Tsakani da Allah kaɗanya tana sa gashi laushi ya rage karyewa, har yanzu ina shafawa, amma inda gashi ya bar fata bata tsiro min da ko ɗaya ba.

Ranar farko an bani ƙarfe goma ban ga likita ba sai wajen sha biyu saura, kuma tun kafin in ganta yarinyar da ke gaban tebur ta miƙo min takarda mai ɗauke da farashin fakej fakej, na gashi, na hasken fuska, na amare, tana cewa Hajiya in kin biya na zama shida yau akwai ragi. Raina bai so ba, ta yaya zan biya kuɗin magani ba a san ciwona ba? Saura kaɗan in tashi in tafi. Allah yasa ban tafi ba domin likitar daban take da teburin gabanta. Ta zaunar dani kusan minti arba'in, ta tambayi haihuwa, al'ada ko tana min yawa, irin kitson da nake yi, ko mahaifiyata tana da ƙarancin gashi, ko ina shayarwa ko ina neman ciki, sannan ta ɗauko wata 'yar na'ura mai fitila ta ɗora a fatar kaina hoton ya fito a allon kwamfuta ya zama ƙato. A gefen hagu ta nuna min ƙananan ramuka da siraran gashi kaman na jariri, tace waɗannan suna da rai. Da ta koma gefen dama can kusa da kunne sai naga fatar tayi sumul tana sheƙi babu rami ko ɗaya, ta ajiye na'urar ta kalle ni tace "Hajiya wannan wurin tushen ya mutu ya zama tabo, ba zan karɓi kuɗinki in ce miki zai dawo ba, amma sauran in kin bani haɗin kai zamu ceto shi." Wallahi sai da hawaye ya zubo min, amma a nan ne na yarda da ita, domin duk masu sayar min da mai babu wanda ya taɓa ce min akwai abin da ba zai yiwu ba.

Tace ciwon nawa na jan gashi ne, kitso mai tsauri shekara da shekaru yana wahalar da tushen, da farko yana dawowa in an daina, in aka ci gaba sai ya mutu gaba ɗaya. Ta kuma duba tsakiyar kaina da kyau saboda wai akwai wani nau'in da yafi kama mata baƙar fata, yana farawa daga tsakar kai yana faɗaɗa a hankali yana barin tabo, wani lokacin da ƙaiƙayi ko zafi, shi wannan maganinsa daban ne kuma ba a wasa dashi, alhamdulillah bani dashi. Aka ɗibi jinina, na maƙogwaro wato tayirod lafiya lau, amma sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini dashi, ya yi ƙasa sosai a jikina, tace shima yana sa gashi zuba kuma mata da yawa masu yawan haihuwa da yawan jinin al'ada suna fama dashi basu sani ba.

Abin da ta ɗora ni a kai: in daina rilaksa da atach, in koma manyan kalaba sakwa-sakwa waɗanda ba a kama gashin gaba, ƙwayar ƙarin jini, minoxidil na shafawa, sai allurar PRP, wadda ake haɗawa daga jinin mutum a yi masa a fatar kai, sau uku.

Bari in daɗe a kan minoxidil ɗin nan domin shi mata suka fi tambaya kuma shi aka fi yin kuskure a kansa. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shansa gashi na fito musu, shine aka mai dashi na shafawa, tun 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince dashi, kenan ba sabon abu bane. Mai kashi 5 cikin ɗari ta bani sau ɗaya a rana, a fatar kai ake shafawa ba a gashin ba. Ta gaya min a makonnin farko zubar zata iya ƙaruwa saboda tsofaffin gashi na faɗuwa sababbi su samu wuri, na ji da kunnena amma da abin yazo a sati na uku naga ɗan abin da ya rage ma yana bin mataji hankalina ya tashi matuƙa, na tura saƙo a lambar WhatsApp ɗin asibitin kwana biyu cur babu amsa alhali sun karanta, sai da na kira na nuna ɓacin raina sannan aka haɗa ni da nas. Wannan ba daidai bane, wanda ya biya kuɗi irin wannan ya cancanci a amsa masa. Zubar ta tsaya da kanta wajen sati na bakwai. Na ruwan da na fara dashi ya sa min ƙaiƙayi da amosani, aka canza min na kumfa sai ya lafa. Wata dabara da ni na gano da kaina, maganin yana son ya yi awa huɗu a kai ruwa bai taɓa shi ba, mu kuma masu alwala sau biyar ne, sai na mai dashi bayan sallar isha'i, in bari ya bushe sosai kafin in kwanta saboda in ya gogu a matashi ya taɓa fuska gashi yake fitarwa a kumatu, ni ma sai da ya ɗan fito min a gefen fuska kafin in kiyaye. Mai ciki da mai shayarwa basa amfani dashi, kuma masu kyanwa a gida ku ɓoye shi ku wanke hannu domin guba ne a wurinta. Ta kuma faɗa min gaskiya cewa masu zubar gashi na gado in suka daina shafawa cikin 'yan watanni abin da ya fito zai koma, nawa tunda na jan kitso ne zamu duba nan gaba ko za a iya ragewa. Kwalbar farko a wurinsu na saya, daga baya na tarar da irinta sak a babban kemis da lambar NAFDAC ɗinta a farashin da bai kai nasu ba ko kusa, tun daga nan a waje nake saye.

PRP kuwa jininki ne ake mayar miki. Nas ta ɗibi jini a hannuna cikin 'yan kwalabe, aka sa a wani inji mai juyawa kaman minti goma, da aka fito dashi ya rabu biyu, ja a ƙasa, sama kuma ruwa-ruwa launin man gyaɗa, wannan na saman ake zuƙa a sirinji saboda a cikinsa ƙwayoyin da ke gyara rauni suke taruwa. An shafa min man kashe zafi aka jira rabin awa, amma duk wadda tace miki babu zafi bata faɗa miki gaskiya ba, allura ce ƙanana ƙanana da yawa a jere, ta saman goshi da sauƙi, ta gefen kunne kuwa sai da na damƙe hannun kujera ina salati, na wuni da ciwon kai kuma ranar ba a wanke kan. An hana ni shan irin su ibuprofen kwanaki kafin da bayan, sai parasitamol. Zama uku nayi, wata ɗaya tsakani, kuma kuɗin zama ɗaya ya fi na buhun shinkafa biyu, don haka ba ƙaramin abu bane ga mai albashi irina.

A zama na biyu ne abin da yafi ɓata min rai ya faru. Wata nas ce daban, ta ɗibi jinin ta kama hanya zata fita dashi wani ɗaki babu suna babu komai a jikin kwalaben, kuma na san akwai wata mata a ɗakin kusa da ake ma irin nawa. Nace ƙanwata dawo, rubuta sunana a gabana. Ta ɗan ɓata fuska tace ai bama haɗawa Hajiya, nace na sani amma ki rubuta. Ba tsoron banza nake ba, a Amurka ma a jihar New Mexico akwai wani wurin gyaran jiki mara lasisi da ake yin irin wannan allurar a fuska, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar da rahoto a 2024 cewa mata sun kamu da HIV ta dalilin wurin, to abin da ya shafi jini da allura ba a jin kunya a kansa. Na faɗa wa likita, bata kare yarinyar ba, ta bani haƙuri, kuma a zama na uku a cikin ɗakin da nake aka kawo injin aka juya jinin ina kallo. Allurai dai kullum sababbi suke buɗewa a gabana, wannan na basu.

Abin da zan ƙara yaba mata shine bata zuga PRP ɗin ba duk da shine mai kawo musu kuɗi, tace binciken da aka yi a kansa yafi yawa a kan masu zubar gashi na gado, kuma kowane asibiti da yadda yake haɗa nasa, a irin nawa taimako ne kawai ba shine ginshiƙi ba. Shi yasa in kika tambaye ni wanne ne yayi aiki ba zan iya rantsuwa ba tunda tare nayi su duka, amma zuciyata tafi karkata ga daina kitson da ƙwayar ƙarin jini da minoxidil, da yau zan sake farawa sai in yi wata shida a kan waɗannan ukun tukuna kafin in sa kuɗi a allura.

Sakamako sai da haƙuri. Wata biyu babu komai, a na uku na fara jin wani laushi laushi in na shafa gefen hagu, a na biyar ya fito fili har 'yata ta lura. Gashi santimita ɗaya kacal yake yi a wata, duk mai ce miki sati biyu zaki ga ya zubo yaudararki yake. Yanzu hagu ya rufe sosai duk da bai kai kaurin na da ba, gaban goshi ya sauko kaɗan, dama kuwa wurin nan da ta nuna min ranar farko yana nan sumul kaman faɗin babban yatsa, tace sai dai dashen gashi in ina so, ban kai ga wannan tunanin ba.

Sai maganar fuska. Ni ba don ita naje ba amma tunda ina wurin na nuna mata baƙin da ya shimfiɗu min a kumatu biyu da layukan goshi da fatar da ta fara saki. Tambayar farko da tayi min itace Hajiya wane mai kike shafawa, na faɗa mata gaskiya shekara kusan huɗu ina shafa man haɗi da wata take haɗa min, ba wai don in zama fara ba, don baƙin kumatun ya tafi, yana tafiya ya dawo fiye da da. Ta nuna min siraran jijiyoyi da suka fito a gefen hancina tace alamar wani magani ne da ake kira sitiroyid ya cinye kaurin fatar, irin waɗannan haɗin yawanci akwai sitiroyid mai ƙarfi da hydroquinone mai haska fata wani lokacin har da makuri mai guba, kuma a 2023 ma NAFDAC ta fito ta ce matsalar bilicin ta zama ta gaggawa a ƙasar nan. Tace ba zata taɓa fuskata da komai ba sai na rabu dashi fatar ta huta. Watanni biyun nan sune mafi wuya a duk tafiyar, fuskata tayi ja tayi ƙuraje tana zafi sannan tayi duhu fiye da wuyana, mutane suna tambayata ko bani da lafiya, sau biyu na ɗauko robar man na mayar. Wadda duk zata daina don Allah ta daina a hannun likita saboda a hankali ake janyewa.

Da ta lafa sai ta bani abu biyu masu arha idan aka kwatanta da sauran, man kariya daga rana mai lamba 50 kowace safiya, da wani maganin fata na shafawa mai suna tretinoin da dare kaman ƙwayar wake ɗaya ga fuskar duka, sau biyu a sati da farko. Ni da na ɗauka man rana na turawa ne, tace baƙar fata bata saurin ƙonewa amma tana saurin yin tabo da duhu, kuma irin baƙin kumatuna rana da zafin murhu ke ƙara shi, ga ranar Kano kun santa. Na farkon da na saya ya mai da fuskata toka toka, sai da na samu mai ɗan launi. Tretinoin ya haɗu da hunturu fuskata ta dinga saɓa, na rage zuwa sau ɗaya ina ɗora mai mai laushi a kai har sanyin ya wuce, shima mai ciki bata shafa shi. Daga baya anyi min wani aiki na ƙananan allurai da ake bi da su a fuska sau biyu, wanda suke cewa yana tayar da kolajin, sinadarin da ke riƙe fata wanda yake raguwa da shekaru musamman bayan ɗaukewar al'ada, kafin ayi sai da ta tambaya ko jikina yana yin tabo mai tudu in na ji ciwo. Wannan naji daɗinsa, kwana biyu fuska tana ja sannan tayi santsi. Wanda nayi nadama shine na ruwan asid da ake shafawa fata ta saɓe, yarinyar gaban tebur ce ta dinga min tallarsa har na roƙi likita, ta yarda da mara ƙarfi, kuma ba ita tayi da hannunta ba, ya bar min duhu a gefen baki sai da yayi sati shida kafin ya washe. Ban sake ba.

Botox sun yi min bayaninsa, allura ce da ke sanyaya naman da ke tattare goshi, tana fara aiki cikin 'yan kwanaki ta riƙe wata uku zuwa huɗu sannan a sake biya, in aka kuskure wuri fatar ido na iya saukowa na makonni. Ban yi ba, kuɗin da za a dinga maimaitawa ne kuma zuciyata bata kwanta dashi ba, likitar bata matsa ba ko kaɗan. Allurar cika kumatu ma tace bana buƙata, ta dai ja kunnena sosai a kan masu yinsa a salun da ɗakin otal domin in ya shiga jijiyar jini yana iya kashe fata ko ya makantar da mutum. Layukan goshina suna nan sun dai yi laushi, baƙin kumatun ya ragu fiye da rabi, kuma yanzu launin fuskata da na wuyana ɗaya ne, abin da na shekara huɗu ban gani ba.

Abban yara ma ya raka ni sau ɗaya ta duba masa sanƙonsa, tace na tsakiyar ya daɗe da wucewa, ta masa bayanin ƙwayar finasteride ta maza da illar da takan yi wa wasu ta ɓangaren iyali, yace a bar shi da askinsa da hularsa.

Toh in kin tambaye ni ko ki je, zan ce ki je ki biya kuɗin ganin likita da awon jini, wannan kuɗin ko sau biyu ne ya cancanta, amma kar ki biya fakej ɗin komai a gaban tebur, ki tambaya wa zai miki aikin da hannunsa, likita ce mai rajista ko yarinyar da aka koya wa a wurin, ki sa a rubuta sunanki a jininki, ki sayi maganinki a kemis. Wadda bata da halin na kuɗi akwai likitocin fata a Asibitin Malam Aminu Kano, layi ne dai sai an jure. Kuma ki je da wuri tun ramukan suna da rai, ni shekara ukun da nayi ina shafa albasa ina ɓoyewa a hula ban san ko a cikinsu ne gefen daman nan ya mutu ba, wannan tunanin yana dawo min har yanzu.

Satin da ya wuce mai kitso tazo yi wa 'yata mai shekara tara kitson makaranta, ina kicin naji yarinyar tana shan yaji, na fito na tarar an kama 'yan gashin gaban nan an ja fatar har tayi fari. Nace Maman yara don Allah tsefe layin gaban nan ki sassauta, tace Hajiya ai ba zai yi kwana huɗu ba zai tashi, nace ya tashi, zan biya ki ki dawo ki sake. Na cire hulata na nuna mata gefen damana, tayi shiru ta kalla sannan ta fara tsefewa.